Ranar da na kifa zomo a gaban surukina

Ba za ni taɓa mantawa da ranar da muka ƙaddamar da kamfaninmu ba, kuma ko na so in manta, mutanen Sabon Birni ba za su bar ni ba. (Na ce kamfani ne don in ji daɗin bakina. Mu uku ne kacal, da zarto ɗaya, da gwangwanin fenti.)

Ni malamin zane ne a wata makarantar sakandare a garin. Asalina ɗan Isa ne, aiki ya kawo ni, aure ya zaunar da ni. Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da auren Balkisu ba, wato ina cikin zamanin nan da in na hango babanta daga nesa sai in fara tuɓe takalmi tun bai gane ko wane ne ba. Babanta shi ne Alhaji Ummaru Mai Wake, wanda yake sayen wake daga ƙauyuka yana loda wa motoci. Dattijo ne mai kamala, maganarsa ba ta da yawa, dariyarsa ta fi maganar ƙaranci. Bagobiri ne na asali, da tsage a kumatu biyu, da tabon salla a goshi, da wani gemu da Allah ya raba masa gida biyu tun daga haɓa, kowane reshe ya kama gabansa. Duk garin ba wanda bai san gemun nan ba, ba kuma wanda ya taɓa yin zancensa a gaban mai shi.

Asalin kamfanin kuwa daga Bashiru ne, ɗan kawuna, mai sayar da gwanjo. Wata rana ya dawo daga Maraɗi da buhun tarkacen kayan wasan yara, a ciki ya tsinci wani katako mai tayoyi huɗu, irin wanda yaran Turawa suke tsayawa a kai suna sulu. Su siketbod suke ce masa, mu muka raɗa masa allon sulu. A cikinsa, wato ɓangaren da yake kallon ƙasa, an zana ƙoƙon kan mutum ya zaro harshe, wuta tana fita ta idanunsa. Inna, mahaifiyar Bashiru, tana ganin hoton ta ce abin nan ba zai kwana a gidanta ba, ko shi ko mai shi, ɗaya ya fita. Sai Bashiru ya kai shi ajiya shagon abokinmu Lawali kafinta.

A shagon Lawali yara suka gano shi. Akwai yara da yawa da suke wuni a bakin shagon, galibi waɗanda iyayensu suka taso daga ƙauyukan wajen Gatawa saboda rashin tsaro suka dawo cikin gari, ba gonar zuwa, ba abin yi in an tashi daga makaranta. Kafin a ce me, allo ɗaya ya zama abin layi, layi ya zama faɗa. Lawali ya gaji da rabon faɗa, ya ɗauki allon ya jujjuya shi, ya ce in dai wannan ne, shi ma zai iya yi. Bashiru ya dinga tsinto tsofaffin takalman taya a kasuwa muna cire ƙafafun. Boris kuwa, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen nan da suke sa taya juyawa, a wurin Baba Lamidi muka samu, wani Bayarabe bakanike da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa gishiri.

Na farko da Lawali ya yi, Bashiru yana hawa ya rabe biyu. Na biyu bai san wata hanya ba sai hagu. Na uku ne ya yi tafiya kamar na mutane.

To, ni mene ne aikina a ciki? Ban iya zarto ba, ban iya ciniki ba, hawa kuwa ko da wasa ban taɓa ɗora ƙafa ba. Sai na ce musu kamfani ba ya zama kamfani sai da tambari. Na riga na karanta a waya cewa irin waɗannan kamfanoni a ƙasashen waje, da yawansu samari ne suka fara su a garejin mota, kuma wai masu saye hoton da yake cikin allon suke bi fiye da katakon, kowane tambari da tarihinsa. Tun daga ranar kaina ya kumbura. Na ce mu ma sai mun yi namu, wanda Inna za ta yarda ya kwana a gidanta, wanda kuma za a gani a ce na ƙasar Gobir ne.

Na fara da zaki. Lawali ya ce kyanwar da ruwa ya doka ce. Na koma doki, Bashiru ya tambaye ni jakin waye. (Shekarata nawa ina koyar da zane, a ce gwanjo da zarto ne za su gyara mini aiki.) Daga ƙarshe na tsaya a kan zomo, don gudunsa, muka sa wa kamfani suna Zomon Gobir. Ban cika masa ado ba. Kai kewayayye, dogayen kunnuwa biyu a sama da ɗan lanƙwasasshen gashi a tsakaninsu, idanu biyu a tsakiya, baƙin hanci a ƙasa. Maimakon gashin baki na yi masa tsagen Gobirawa a kumatu, a ƙarƙashin haɓarsa kuma na zana rabin taya mai zane-zane, kamar kan yana zaune a kai.

Ranar da na gama, ina zaune a tabarma da takardar a gabana, Balkisu ta kawo mini fura ta zauna tana fuskantata. Ta daɗe tana kallon zanen daga inda take, sannan ta ce ita dai kamar ta san fuskar nan a wani wuri. Na gyara zama na yi mata bayani cewa alamar tambari mai kyau ke nan, ka gan shi yau ka ji kamar ka daɗe da saninsa. Ta ce to, Allah ya sa albarka. Na yanke siffar a kwali, muka ɗora muka fesa fenti a alluna, zomaye suka fito reras.

Sai matsalar wurin hawa. A kan kwalta yaran suke yi, ga babura ga manyan motoci, har wata uwa ta zo shago ta wanke Lawali tas. Muka duba garin kaf, ba wani daɓen siminti mai faɗi da santsi sai na gaban siton Alhaji, inda ake shanya wake da kaka, sauran shekara kuwa yana nan ba kowa. Bashiru da Lawali suka juyo suna kallona. Na ce wallahi ba da bakina ba. Na roƙi Balkisu, ta gaya wa mahaifiyarta, mahaifiyarta ta gaya wa Alhaji, amsa ta biyo hanyar da saƙo ya bi: a kawo abin ya gani da idonsa ranar Asabar bayan la'asar. In na hankali ne, ya ba yara wurin. In shashanci ne, kada a sake yi masa zancen.

Mai hankali da ya ji haka sai ya ɗauki allo ɗaya da yara biyu ya je. Ni kuwa na mai da abin biki. Na aro lasifikar makaranta, na jero kujerun roba, na gayyaci malamai 'yan'uwana da 'yan kasuwar layin, na ɗauko shaddar da na sa ranar ɗaurin aurena. Allon da ya fi kowanne kyau na naɗe shi da sabon zanen Balkisu, don na ga manya suna yaye ƙyalle in za su buɗe abu.

Jama'a ta taru fiye da yadda na zata. Alhaji ya zauna a gaba da carbinsa, abokansa a hagu da dama, Baba Lamidi a gefensa. (Wanda bai sani ba, tsakanin Bagobiri da Bayarabe akwai wasa. Duk garin Baba Lamidi kaɗai yake iya gaya wa Alhaji abin da ya ga dama ya kwana lafiya.) Mata suna leƙe ta katangar gidan da yake kusa, na san Balkisu tana cikinsu.

Yara suka fara nuna abin da suka iya. Gaskiya sun burge. Suka bi juna a layi, suka kewaya buhu, wani ya yi tsalle allon ya bi ƙafarsa kamar an manna. Ba wanda ya faɗi. Na saci kallon Alhaji na ga ya daina jan carbi, har ya gyaɗa kai sau ɗaya. Lawali ya raɗa mini cewa an gama, mu yi godiya mu tashi tun da sauran mutunci. Da na ji maganarsa da yau ba ni da labarin ba ku. Amma na shirya jawabi, na maimaita shi a gaban madubi, ba zai ruɓe a cikina ba.

Na ɗauko naɗaɗɗen allon na tsayar da shi a kan tebur, cikinsa yana kallon jama'a, ni ina bayansa, hannu ɗaya riƙe da shi, ɗaya riƙe da makirfo. Ku sani, allon sulu gabansa da bayansa kusan kamarsu ɗaya, balle an naɗe shi da zane. Na ba da tarihin kamfani tun daga buhun Maraɗi, na yaba wa Lawali, na yaba wa Bashiru, na ɗan yaba wa kaina. Sannan na ce ga tambarinmu, na fizge zanen.

Wurin ya yi tsit.

Na ce a raina, ka ga aikin gwani, ya kashe musu baki. Na ƙara ɗaga murya.

"Jama'a, wannan fuska da kuke gani ba baƙuwa ba ce a wurinku. Duk wanda ya taɓa noman wake a ƙasar nan ya san mai ita."

Wani ya yi tari a baya. Na ci gaba.

"Kai za ka yi shuka, ka yi noma, ka sha rana. Shi kuwa yana inuwa yana jira. Da wake ya nuna sai ka gan shi ya lallaɓo. Ba wani ƙarfi gare shi ba, wayo ne kawai. Ka bi shi ba ka kama shi, in kuwa ya ji motsi, shi ne farkon gudu."

Na hango Bashiru yana juya yatsa a iska, yana zaro mini ido. Na ɗauka cewa yake in ci gaba, abin yana armashi. Lawali kuwa ya tuɓe hula ya rufe fuskarsa da ita, na ce Allah sarki, daɗi ya sa shi ƙwalla. Malaman makarantarmu duk sun sunkuyar da kai suna kallon takalmansu. Alhaji kaɗai yake kallon allon, ko ƙiftawa ba ya yi.

Sai na kawo abin da nake ganin shi ne ƙarshen iya magana. Na ce na daɗe ina ƙare masa kallo ba tare da ya sani ba kafin in zana shi, kuma da gangan na yi masa tsage, don kowa ya san ɓarnar ta ɗan gida ce.

A nan Baba Lamidi ya kasa riƙewa. Ya fashe da dariya har kujerar roba tana lanƙwashewa, yana dukan cinya, yana nuna allon yana nuna Alhaji.

"Alhaji, shekara nawa ina gaya maka a ɓoye? Yau ga surukinka ya faɗa da lasifika."

Sai a lokacin na zagayo na leƙa abin da nake riƙe da shi.

A kife na tsayar da allon. Kunnuwan zomo sun koma ƙasa sun zama gemu mai reshe biyu. Ɗan gashin da yake tsakaninsu ya zama baki a tsuke. Baƙin hancin ya hau sama ya zama tabon salla. Rabin tayar nan mai zane-zane ta zauna a ka daram, hula sak. Ga tsage a kumatu. Wallahi da an ba ni aikin zana Alhaji Ummaru, aka zaunar da shi a gabana wuni guda, ba zan fitar da shi kamar haka ba. Ban taɓa yin zanen da ya yi kama da mai shi irin wannan ba, kuma ban san na yi ba.

Dariyar da mutane suke dannewa ta ɓalle gaba ɗaya, har ta bayan katanga ina jin ta mata. Ni kuwa duk abin da na faɗa ya dinga dawo mini ɗaya bayan ɗaya: yana inuwa yana jira, ya lallaɓo, farkon gudu. Ga mutum sana'arsa sayen wake daga hannun manoma, ga manoman a zaune.

Abin da ya zo mini kawai shi ne in je in durƙusa. Na saki allon, na nufi Alhaji da sauri kaina a ƙasa, na zube a gabansa. Ashe wani yaro ya bar allonsa a wurin, a kai na zube. Daɓen nan kuwa an ɗan karkata shi don ruwan sama ya riƙa gangarewa. Ina durƙushe, hannu ɗaya a ƙirji, sai na ga Alhaji yana yin nisa. Na ce, "Baba, a gafarce ni, wallahi zomo ne," kuma da yake makirfo yana hannuna, duk layin kasuwa ya ji. Ina ba da haƙuri ina tafiya da baya, shadda tana jan ƙasa, har wayar makirfo ta ƙare ya fizge daga hannuna, ni kuwa na wuce ban tsaya ba sai cikin tarin harawar da aka jibge a ƙarshen daɓen.

Yara suka kama tafi. Wai a cikinsu ba wanda ya taɓa yin irin wannan salon.

Na so in ci gaba da zama a cikin harawar nan har a watse, ko har kaka ta zagayo. Ta tsakanin ganye na ga Alhaji ya miƙa hannu, aka ɗauko masa allon daga tebur. Ya riƙe shi daidai, ya kalli zomo. Ya kifa shi, ya kalli kansa. Ya sake juyawa. Mutane suka zuba masa ido, har Baba Lamidi ya share hawaye ya nutsu. Ni a lokacin na gama sallama daɓe, ina lissafin ko Balkisu ma za a bar mini.

"Malam, taso," in ji shi.

Na taso da ganye a hula, na zo na durƙusa, bayan na duba ƙasa da kyau.

"Wanga zomo na gane shi," ya ce, ya juya allon. "Wanga tsoho ma na gane shi. Gemun ka ƙara mai tsawo, amma hular ta zauna."

Na ce wallahi Baba kuskure ne, gobe za ni goge su duka in sake wani.

"Ban ce ka goge ba. Gyara guda za ka yi cikin jawabinka: waken saye nika yi, ba lallaɓowa ba."

Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Tun da na shigo gidansu ban taɓa ganin haƙoran Alhaji ba sai ranar. Da ya gama, ya ce yara su riƙa zuwa da yamma in ba a shanya komai ba, su share wurin in sun tashi, kuma ba hawa lokacin salla. Allon da yake hannunsa kuwa ya ce ya zama nasa, ladan zaman da ya yi aka zana shi bai sani ba.

Ban bi ta layin siton ba na tsawon lokaci. In za ni makaranta sai in zagaya ta bayan tasha, tafiyar ta ninka. Balkisu ta yi mini alkawarin ba za ta yi dariya ba, ta kuma cika alkawari, sai dai duk lokacin da muka haɗa ido sai ta tuna tana da aiki a madafa, in jiyo ta can tana shiɗewa. Washegari surukata ta aiko da kwanon shinkafa da wake, waken ya fi shinkafar yawa, ba tare da wani saƙo ba. Na cinye, me zan ce?

Na dage a kan a canza tambarin, Lawali da Bashiru suka ce ko kusa. Labari ya riga ya kai Isa, har daga Tozai an aiko ana son allo, kuma kowa sai ya ce mai gemun nan yake so. Sunan Zomon Gobir da na sha wahalar zaɓa ba wanda yake faɗa, yara Mai Wake suke ce wa allunan. Sun kuma ƙirƙiro wani salo, mutum ya durƙusa a kan allo, hannu a ƙirji, ya tafi da baya. Sunansa gaisuwar suruki. Alhaji ya rataye nasa a bangon sito, kunnuwa a ƙasa, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa ya ce aikin mijin ɗiyarsa ne, yaron yana da hannu, bakinsa ne dai sai a hankali.

Yanzu a aji, in ɗalibi ya kawo mini zane, kafin in ce ya yi kyau sai na sa ya juya shi sama da ƙasa, hagu da dama, ya tabbatar ba wani babba a danginsa da ya ɓuya a ciki. Ni kuma in ina magana a taro na ji an yi tsit, na daina ɗauka cewa burge su na yi. Sai in ajiye makirfo, in zagayo gaba, in ga abin da suke kallo tukuna.